Injin yankan ciyawa na rataye da zarto mai dogon mariƙi: kula da su, neman kayan gyaransu da dokar da ta shafe su

Injin yankan ciyawa na rataye ƙaramin inji ne da ake saɓawa a kafaɗa ko a goya a baya, wanda ke juya zaren nailan ko faifan ƙarfe a ƙarshen wani dogon bututu. Idan aka kwance kan da ke yankan ciyawar aka ɗaura ɗan gajeren zarto mai sarƙa a gurbinsa, sai ya koma zarto mai dogon mariƙi, wanda ake datse rassan bishiya da shi daga ƙasa ba tare da an hau ba. A garuruwan Arewa ana ganin irinsa da damina a filayen makarantu da asibitoci da gefen tituna, ana ganinsa a lambunan mangwaro da gwaba, wasu manoman kuma na ɗaura masa faifai da ɗan kwando su girbe shinkafa. Matasa da dama sun mayar da shi jari: inji ɗaya da galan ɗin fetur sun isa a fara karɓar kwangilar share fili.

Sai dai injin nan ba kasafai yake mutuwa don tsufa ba. Abu biyu ne suka fi kwantar da shi: man da aka zuba masa ba bisa ƙa'ida ba, da wani ɗan ƙaramin ɓangare da ya lalace aka rasa madadinsa. Na farkon yana hannun mai inji. Na biyun kuwa tun ranar saye ake yanke hukuncinsa, kuma yana da alaƙa da darajar naira, da tsarin kamfanoni, da dokar kare mai saye.

Asalinsa da danginsa

Wani ɗan kasuwa a birnin Houston na Amurka, George Ballas, shi ya ƙirƙiro yankan ciyawa da zare a 1971, bayan ya lura da yadda burushin wankin mota ke juyawa yana share datti ba tare da ya ƙarce fenti ba. Ya huda gwangwani, ya zura masa zaren kamun kifi, ya ɗaura a kan injin gyaran lambu, daga nan aka sami abin da ya sa wa suna Weed Eater. Sarƙar zarton kuwa ta girme shi: salon haƙoranta da ake amfani da shi yau ya samo asali ne daga Joseph Cox, wanda ya fara ƙera ta a 1947 a jihar Oregon, bayan ya nazarci yadda tsutsar icce ke cin katako.

Injunan da ke kasuwa dangi biyu ne. Akwai na manyan kamfanoni, irin su Stihl na Jamus, Husqvarna na Suwidin, da Honda da Echo na Japan. Akwai kuma na masana'antun Sin, waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a saboda sauƙin kuɗinsu. Waɗannan na biyun suna zuwa da sunaye barkatai da launuka iri-iri, amma idan aka cire murfin roba sai a tarar kusan duk inji ɗaya ne: ko dai wanda ake kira 40-5, mai fistin da faɗinsa milimita 40 ne, wanda ake rubuta wa 43cc a kwali, ko kuma 44-5, mai milimita 44, wanda ake rubuta wa 52cc. Wannan bayani ya fi sunan da aka manna a jikin tanki amfani, kamar yadda za a gani idan an zo neman kaya.

Batun mai

Yawancin waɗannan injuna masu bugu biyu ne, wato ba su da wurin zuba baƙin mai daban. Man da ke sa fistin da boris su yi santsi a cikin fetur ake gauraya shi, kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareton nan da kowa ya sani. Duk wanda ya zuba zallan fetur ya tayar, cikin 'yan mintoci fistin zai yi zafi ya kama jikin silinda, kuma gyaran da ya rage shi ne sauya su duka biyun.

Ma'aunin gaurayen ya danganta da abin da littafin injin ya ce. Stihl da Husqvarna suna neman kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Injunan Sin da yawa suna neman 25 da 1, wato mililita 40 a lita, wasu kuma 40 da 1, mililita 25. Man da ya dace shi ne wanda aka yi domin inji mai bugu biyu, mai alamar 2T a jikin gora, kuma wanda ke ɗauke da shaidar JASO FC ko FD ya fi ƙonewa ba tare da barin baƙi ba. Man mota ko na babur mai bugu huɗu yana aiki na ɗan lokaci, shi ya sa mutane ke ruɗuwa da shi, amma yana tara gawayi a bakin salansa da zoben fistin har ƙarfin injin ya ragu. Ra'ayin nan na cewa yawan mai kariya ne shi ma ba daidai ba ne. Abin da yake haifarwa hayaƙi ne da jiƙaƙƙen fulogi. A auna da sirinji ko da 'yar gorar awo da ke zuwa cikin kwali, a gauraya a galan a girgiza, kada a yi ƙiyasi da murfin gora a bakin tanki.

Injin Honda GX35 da kwaikwayonsa daban suke, domin masu bugu huɗu ne. Zallan fetur suke sha, baƙin mansu kuma, wanda bai wuce mililita 100 ba, ana juye shi bayan awa 10 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 50.

Fetur ɗin kansa yana da nasa labarin. Kafireton waɗannan injuna ba irin na babur ba ne mai kwano. Yana aiki ne da wasu siraran fatun roba da ke bugawa suna jawo mai, abin da ke ba injin damar aiki ko an karkata shi ko an kifa shi. Fatun nan ba sa jure tsohon fetur ko gurɓatacce. Idan gauraye ya wuce wata guda a ajiye, sashensa mai saurin kamawa ya gudu, abin da ya rage ya zama danƙo, ya toshe ƙananan hanyoyin kafireto, fatun kuma su bushe su sandare. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ya lalata motoci, zai gane abin da irinsa zai yi wa fatar da ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Fetur ɗin kwalba na bakin titi ma yakan zo da ruwa ko ƙasa, don haka tace shi ya zama wajibi.

A nan ne yanayin Arewa ke da tasiri. Aikin ciyawa na damina ne, sai a jingine injin wata shida ko bakwai da sauran mai a cikinsa, idan ruwan farko ya sauka a ja igiya har hannu ya gaji. Maganin abin bai kai minti goma ba: a juye tanki, a tayar da injin a bar shi ya ci abin da ya rage a kafireto har ya mutu da kansa, a cire fulogi a ɗiga ɗan man 2T a silinda, a ja igiya a hankali sau biyu ko uku, a mayar da fulogi, a rataye shi a inuwa.

Iska, fulogi da giris

Matatar iska soso ce a yawancin injunan. A lokacin hunturu ko a busasshen fili tana iya cika da ƙura a yini ɗaya. Ana wanke ta da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar. Aiki ba tare da ita ba daidai yake da zuba yashi a silinda. Haƙarƙarin da ke jikin silinda su ke fitar da zafi, idan ciyawa ta cushe su injin zai yi zafi fiye da kima. Fulogin injunan Sin galibi L7T ne ko makamancinsa, tazarar bakinsa tsakanin milimita 0.6 da 0.7, na Stihl kuwa 0.5. Launinsa yana ba da labari: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai danshi alamar yawan mai, fari fat kuma gargaɗi ne cewa injin na aiki da ƙarancin mai, wanda shi ne mafi haɗari.

Abin da aka fi mantawa shi ne akwatin giya da ke ƙarshen bututu. Yana da ɗan noti a gefe, inda ake matsa giris kamar duk bayan awa 25 na aiki. Kada a cika shi maƙil, domin giris na buƙatar wurin motsi idan ya yi zafi.

Zare da faifai

Zaren nailan yana zuwa da kauri daban-daban, daga milimita 2.0 zuwa 2.4, 2.7 da 3.0. Wanda ya fi ƙarfin injin kauri yana rage gudunsa ya cinye kuloci. Nailan yana bushewa a zafi ya riƙa tsinkewa, shi ya sa kamfanin Stihl ke ba da shawarar a jiƙa shi cikin ruwa kwana guda kafin amfani. Cire garkuwar roba da ke bayan kan, wanda masu aiki da yawa ke yi don zaren ya yi tsawo, yana cire 'yar wuƙar da ke daidaita tsawon zaren, ya ɗora wa injin nauyi, ya kuma buɗe ƙafa da fuska ga tsakuwa.

Faifan ƙarfe idan ya tsage, jefar da shi ake yi. Ba a yi masa walda, ba a miƙar da shi da guduma, domin abu ne da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Akwai kuma wani kai da ake tallatawa a intanet, mai guntayen sarƙa a maimakon zare. Tarayyar Turai ta haramta sayar da irinsa a watan Janairun 2012, bayan wani yanki ya ɓalle ya kashe mutum a Birtaniya a 2010. Haramcin bai hana a ci gaba da ƙera shi ana tura shi ƙasashen da ba su da irin wannan doka ba. Ko da wane kai ake aiki, ƙa'idar masu ƙera injunan ita ce kowa ya nisanci mai yanka da mita 15.

Zarton

Kan zarto yana da tankin mansa daban, wanda ke ɗiga wa sarƙa mai yayin da take zagaya takobinta. Gwajinsa mai sauƙi ne: a nufi bakin takobin ga wani farin katako a ba shi wuta, idan mai na zuwa za a ga siririn layi. Idan babu, a tsaya, a duba ramin man da kwararon takobin, domin garin katako ne ke toshe su. Tsohon baƙin man da aka juye daga mota, wanda ake yawan zubawa don araha, yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da ke cinye famfon, ga illa ga fata da bishiyar kanta.

Ana ɗaure sarƙa ne idan ta huce, yadda ba za ta yi lilo a ƙasan takobi ba amma za a iya jan ta da hannu mai safa. Sabuwa takan saki bayan yankan farko, sai a sake ɗaurewa. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓawon katako, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa, ta sa mai aiki ya riƙa dannawa har bututun ya lanƙwashe. Ƙaramar sarƙar da aka fi samu a waɗannan zartuna ana wasa ta da zagayayyen magagari mai milimita 4, a karkace digiri 30, kowane haƙori da adadin gugar da aka yi wa ɗan'uwansa. Duk lokacin wasawa a juya takobin, don kada gefe ɗaya ya cinye.

Reshe mai nauyi ana fara yanka shi kaɗan daga ƙasa sannan a gama daga sama, don kada ya yage ɓawon bishiyar ko ya matse takobin. Kada mai yanka ya tsaya ƙarƙashin reshen. Mafi muhimmanci shi ne wayar lantarki: bututun ƙarfe ne ko alminiyam, ɗanyen reshe ma yana ɗaukar wuta, kuma wutar babban layi tana iya tsallakowa ba sai an taɓa ba. Littafin Stihl ya ce a bar tazarar mita 15. A unguwannin da darbejiya ta rungume wayoyi, wannan na nufin aikin ba na mai zarto ba ne sai an kashe layin, kuma rashin wuta a lokacin ba hujja ba ce, tunda ana iya kawo ta ba sanarwa.

Neman kaya: awo ya fi suna

Mai neman kayan gyara da ya shiga kasuwa da sunan injinsa kaɗai a baki yakan dawo da abin da bai shiga ba. Abin da mai shago ke buƙata awo ne, kuma hanya mafi tabbas ita ce a tafi da tsohon ɓangaren a hannu.

Ga akwatin giya ko kan zarto, abu biyu ake dubawa. Na farko faɗin bututu, wanda galibi milimita 26 ne ko 28, wani lokaci 24. Na biyu bakin sandar da ke juyawa a cikin bututun: mai haƙora 7, mai haƙora 9, ko mai kusurwa huɗu. Kan zarto mai haƙora 9 ba zai hau sanda mai 7 ba, wanda aka tilasta kuwa zai cinye haƙoran cikin awa guda. Kan zare a injuna masu miƙaƙƙen bututu murɗin hagu gare shi, yawanci M10 da tazarar 1.25, saboda haka ana kwance shi ne ta inda ake ɗaure sauran notuna. Da yawa sun karye a hannun masu ƙarfi da ba su san haka ba. Ramin tsakiyar faifai milimita 25.4 ne a mafi yawan injuna, 20 a wasu.

Sarƙa tana da lambobi uku, kuma dole duka su dace: tazarar haƙora, kamar 3/8 ƙarama ko 1/4, kaurin ƙafar da ke shiga kwararon takobi, milimita 1.1 ko 1.3, da adadin waɗannan ƙafafu. Sau da yawa an buga lambobin a gindin takobin. Cewa "ta inci 10" ko "ta inci 12" kawai bai wadatar ba, domin takubba biyu masu tsawo ɗaya na iya bambanta da ƙafa ɗaya ko biyu.

A nan wani abin mamaki yake fitowa. Injin Sin marar asali, wanda ake rainawa, shi ya fi sauƙin gyara. Tunda masana'antu da yawa suna buga 40-5 da 44-5 a kan awo ɗaya, kuma injin nan shi ne a cikin wasu ƙananan famfunan ban ruwa da injunan haƙa ramin shuka, fistinsa da kafiretonsa da kwayil ɗinsa da igiyar tayarwarsa suna shiga juna. Bakaniken janareto ko na injin feshi yana gane cikinsa. Ana iya nemo kayansa ta hannun 'yan kasuwar injuna a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, waɗanda su ma daga Legas da Onitsha suke sarowa. Aibinsa shi ne ingancin kayan ba shi da tabbas: kafireto biyu masu kama ɗaya, ɗaya ya yi shekara, ɗaya ya yi mako.

Injunan manyan kamfanoni sun fi ƙarko nesa ba kusa ba, amma kowanne da nasa awon. Mahaɗin da Stihl ke amfani da shi a tsarinsa na KombiSystem ba ya karɓar kan Husqvarna ko na Echo, kuma ba kuskure ba ne, tsari ne na riƙe mai saye. Kayansu na asali ta hannun dillalai suke fitowa, dillalan kuma a manyan birane suke. Ga wanda ke da irin wannan inji, lambar da ke jikin kowane ɓangare da zanen kayan da kamfanin ke wallafawa su ne abin riƙo. Kafiretocinsu galibi na Walbro ne ko Zama, kuma ana sayar da fatun da gaskit ɗinsu a 'yar leda, wanda ya fi sauya kafireton gaba ɗaya da na jabu. Sai a yi hattara, domin sunayen nan su aka fi bugawa a jikin jabun injuna. Farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na dillali shi ne shaidar farko.

Naira da doka

Kusan duk abin da aka lissafa a sama daga waje ake shigo da shi. Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Mai injin yankan ciyawa ya sha duka ta fuska biyu, a gidan mai da kuma a shagon kaya. Abin da a da ake jefarwa a sayi sabo, yanzu gyara shi ake yi, kuma wannan ne ya mayar da samuwar kayan gyara batun rayuwa ga mai ƙaramin jari.

A wasu ƙasashe batun ya kai majalisa, ƙarƙashin abin da ake kira haƙƙin gyara. Faransa ta fara tilasta manna makin sauƙin gyara a jikin wasu kayayyaki a watan Janairun 2021, ciki har da injin yankan ciyawa na lantarki mai taya, kuma samuwar kayan gyara da farashinsu na cikin abin da ake aunawa. Jihar Colorado ta Amurka ta yi doka a 2023 da ta wajabta wa masu ƙera injunan noma ba manoma kayan gyara da littattafan aiki. Tarayyar Turai ta amince da dokarta ta haƙƙin gyara a 2024, ko da yake jerin kayan da ta shafa ya fi karkata ga na cikin gida, irin su firiji, injin wanki da waya.

A Najeriya, dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi a gyara masa, a sauya, ko a biya shi kuɗinsa, kuma rubutun "ba a dawo da kaya" a rasit ba ya soke wannan haƙƙi. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su. Amma mayar da inji mai aibi daban, tabbacin samun fistinsa bayan shekara biyu daban. Wannan giɓi ya fi fitowa fili a sayayyar gwamnati. Idan ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa ya raba injuna a matsayin tallafin sana'a, tambayoyin da suka dace a yi su ne: wane irin inji ne, wa ke sayar da kayansa a jihar, an haɗa da fulogi da zare da sarƙa na ajiya, an koya wa masu karɓa ma'aunin mai? Kwangilar da ba ta amsa waɗannan ba, injunanta damina ɗaya za su yi.

Sauyin da ke tafe zai ƙara wa batun nauyi. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2021 da ta kai ga hana sayar da yawancin sababbin ƙananan injunan lambu masu fetur daga ƙirar 2024, manyan kamfanoni kuma sun karkata ga masu batir. Waɗannan ba su da kafireto, ba su da fulogi, ba sa buƙatar gauraye, kuma ga mai hasken rana a gida suna rage kuɗin fetur. Sai dai galibi batirin kamfani ɗaya ba ya shiga injin wani, shi ne ɓangare mafi tsada, zafi yana rage masa kwana, allon lantarkin da ke sarrafa injin kuma yawanci a rufe yake cikin danƙo yadda bakanike ba zai iya buɗe shi ba. Sarƙa, takobi, zare da faifai dai ba su canza ba, awonsu na nan yadda yake a masu fetur.